Asusun Ma-ma-manaja

A ofishin kowa Auta yake ce mata, don ita aka ɗauka aiki daga ƙarshe. Wanda ya yi mata hanya kuwa Yaya Babba ne, shugaban sashensu, mutum mai sanyin hali da in'ina. In zai ce "manaja" sai ya yi ta fama da farkon kalmar kamar mai tayar da tsohuwar mota. Shi ya zaunar da ita kusa da teburinsa ya koya mata aikin tun daga tushe.

Wani kamfanin sufuri suke gina wa manhajar intanet. Aka ba Auta nata kason: ta rubuta umarnin da zai zuba asusun gwaji a rumbun bayanai, domin duk wanda ya kunna manhajar karon farko ya tarar da direba da mai tikiti da manaja, kowa da kalmar sirrinsa. Aiki ne mai sa hamma, ga shi ranar Yaya Babba ya dawo mata da wani gyara har ta ƙule. Sai ta sa wa direba Sarkin Gudu, mai tikiti Ba Canji, manaja kuma ta rubuta Ma-ma-manaja. Ta nuna wa ta kusa da ita, suka toshe baki suna ƙyalƙyatawa.

Ranar da masu kamfanin suka zo gani, kwamfutarta ta ƙi haɗuwa da majigi.

"B-bari a yi da tawa," in ji Yaya Babba.

Ya danna umarnin, sunayen suka fito ɓaro-ɓaro a bango. Mai kamfanin ya karanta na farko da na biyu, ya buga tebur. "Wallahi wanda ya rubuta wannan ya san yarana!" Ya karanta na uku da ƙarfi, ya fara dariya, sai idonsa ya faɗa kan Yaya Babba, wanda ya gama yi musu bayani da ƙyar. Dariyar ta maƙale masa.

Auta ta sunkuyar da kai. Ta kafa ido a kan takalminta. Yaya Babba kuwa asusun nan ya buɗe, ya ci gaba da nuna musu yadda manaja zai raba wa direbobi motoci, har ya kai ƙarshe.

Da baƙi suka fita ta tsaya tana naɗe wayar majigi, ta naɗe ta warware.

"Yaya, don Allah..."

"Kalmar sirrin duka iri ɗaya ce. Ki c-canza kafin mu miƙa."

"Ba wannan ba, Yaya."

Ya rufe kwamfutarsa. "Na sani. Tun makon jiya na gani, da na duba aikinki."

"To me ya hana ka yi mini magana?"

"Na ɗauka za ki c-cire da kanki."

Ya ɗauki jakarsa ya fita, ita ta zauna ta gyara sunayen.

Washegari ya gaishe ta kamar kullum, ya tura mata sabon aiki. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Da can in kalma ta tsaya masa, ita ce mai saurin ƙarasa masa. Ranar da ya tsaya a kan wata, sai ta jira shi har ya fitar da ita.