Abin Jin Injiniya

Shekara talatin da ɗaya Injiniya ya yi a tashar sauraron taurari, inda wani ƙaton faranti na ƙarfe ke kamo siginar rediyo daga sararin sama. Siginar ba ta da ƙarfi, ko wayar aljihu tana iya danne ta. Don haka ya kafa doka: duk abin da ke fitar da sigina, a bakin ƙofa zai tsaya. Da hannunsa ya ƙera na'urar da ake bincikar mutane da ita. Ta kama wayar darakta, ta taɓa kama surukin Injiniya kansa.

Bayan ya yi ritaya kunnensa ya yi nauyi, sai 'yarsa ta saya masa abin ji na zamani, mai haɗuwa da waya.

Ranar da tashar ta shirya karrama shi, mai gadi ya kara masa na'urar, ta yi ƙara daidai kunnen hagu.

"Ranka ya daɗe, kai ne fa, wuce kawai," in ji mai gadi.

"Wa ya koya maka aiki?" Injiniya ya cire abin, ya ajiye a kwandon wayoyi.

Awa biyu ana yabonsa. Yana ganin bakuna na motsi, in an tafa ya tafa.

A mota 'yarsa ta mayar masa da abin a kunne. "Baba, darakta har hawaye ya yi. Ba ka ji komai ba?"

"Ko kalma ɗaya," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya ina neman shiru a tashar nan, sai yau na samu."