Addu'ar Labo a Kan Tele

Ranar sadakar bakwai ta yayana Ɗan Azumi, ɗansa Lurwanu ya kawo tele, wato talabijin, ya jingina ta a rumfa. A Yamai yake aiki. Ya ce ya buɗe wa ubansa shafi a intanet. Duk wanda bai samu zuwa Gidan Rumji ba zai rubuto gaisuwarsa, ta fito a nan mu gani.

Ban so ba. Na ƙyale shi don maraya ne.

Ya kunna. Hoton Yaya ya fito. Sai gaisuwa ta fara shigowa daga gefe, kowace tana tsalle kamar ɗan akuya, ta ture ta gabanta. Liman ya soma karanta ta farko, bai kai "Allah ya jiƙan shi" ba wata ta hau kanta. Mutane sun ɗaga hannu, sun rasa abin da za su ce wa amin.

Na ce, "Lurwanu, rawa ake a gidan mutuwa?"

"Baba, yi haƙuri, yanzu zan gyara."

Ya duƙa kan na'urarsa yana danne-danne. Ya ce yanzu kowace za ta tsaya a karanta ta, a shafa, sannan ta bayanta ta shigo. Haka kuwa aka yi. Liman ya karanta, muka amsa.

Sai ga sunan Labo. Labo aminin Yaya ne tun suna kora shanu kasuwar Gazawa da ƙafa. Yana kwance a Agiye, ciwo ya hana shi tashi. 'Yarsa Habi ce ta rubuta masa. Liman ya gyara murya: "Ni Labo, ina shaida cewa Ɗan Azumi..."

Iyakar abin da muka ji ke nan. Abokan Lurwanu na buro, wurin aikinsa, sun tashi rubutu. Gaisuwarsu ta dinga faɗowa da Faransanci, da hoton furanni, wata kan wata. Labo ya nutse.

Na ce, "Ina gyaran?"

"Baba, jiran da na sa, waɗanda suke kan shafin tun da na buɗe shi kaɗai ya kama. Sababbin ba su san da shi ba."

Bashir mahauci ya ce, "'Yan birni ne, Alhaji. Da takalmi suke hawa tabarma."

Wasu suka yi dariya. A sadakar yayana.

Na ce, "Maido min Labo."

Ya ja shafin ƙasa. Sunan ya leƙo, wani fure ya sake danne shi. Ya ƙara ja, gumi na zuba masa. Na tashi na zare igiyar wutar.

Na fito da wayata na kira Habi. Na ce ta kara wa ubanta a baki. Na ƙara sauti, na ɗaga ta sama.

Muryar Labo ta tsufa. Ya ce Ɗan Azumi bai taɓa sayar wa mutum saniya marar lafiya ba tare da ya faɗa ba. Tari ya sarƙe shi. Muka jira. Ba wanda ya motsa. Ya huta, ya ci gaba, ya roƙa wa Yaya gafara da sanyin kabari.

Rumfar ta ce amin. Lurwanu ma ya shafa.