Kwamfutar da Aka Koya wa Ladabi

A wani ofishin noman rani a Goronyo, Jelani mai kula da babbar kwamfuta ya rubuta mata 'yan layukan umarni, ta riƙa duba wayar da ke haɗa ta da intanet. Kullum amsarta ɗaya: "Layi ya yanke."

Shugaban ofishin, Alhaji Siddiƙu, ya fusata. "Jelani, mi kak koya mata? Ko majinyaci anka gaida, 'lahiya lau' shika cewa. Gyara ta, baƙi na tahe!"

Jelani ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya gyara amsar.

Manya suka zo daga Sakkwato, allo ya nuna "Lafiya lau," aka yi ta tafi.

Wayar kuwa tana nan bayan ofis, ɗaure a wuyan ragon Alhaji.