Bugun da Ya Ɓata

Faifan garmaho irin na da yana yin juyi saba'in da takwas a cikin minti guda, kuma fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar kiɗan da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙu. Farfesa ya san wannan sarai, domin da shi ya buɗe kundin da ya rubuta a shekararsa ta ƙarshe a kwalejin kiɗa. Ba farfesa ba ne. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar mai busa saksofon, abokan karatunsa ne suka laƙaba masa sunan saboda ba ya iya sauraron kiɗa sai da fensir a hannu.

A ɗakin karatun kwalejin ya tsinci wani kaset da aka naɗo daga faifan da wasu mutum biyar suka buga shekara sittin da uku da suka wuce. Jaz suke kaɗawa, kiɗan nan da baƙaƙen fata na ƙetaren teku suka ƙago a farkon ƙarni na ashirin, ya biyo jiragen ruwa ya zagaya duniya. A irin wannan kiɗa da gaɓa ake lissafi, kowace gaɓa bugu huɗu, kamar takun mai tafiya. Farfesa ya zauna yana rubuta abin da ya ji, sai ya tarar gaɓa ta sha ɗaya bugu uku ce. Ya maimaita sau arba'in, uku ce dai. Da kiɗan ya zagayo wurin a karo na biyu kuwa, sai ta cika huɗu. Shafi goma sha tara ya rubuta a kan wannan hikima: da fari ɗingishi, daga baya miƙewa, kuma mutum biyar sun yi ta tare babu wanda ya yi tuntuɓe. Malamansa suka ba shi lambar yabo.

A kan wannan bugu da babu shi ya kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna Ɗingishi. Ya shawo kan Auta mai piyano ta ƙi karɓar aikin koyarwa, ya janye Kofur mai bes, wato ƙaton goge, daga bandin 'yan sanda, ya ƙaro Tsinke mai ganguna, wanda in ya juya gefe sai a neme shi a rasa. Shekara biyu suna atisaye a wani tsohon shagon tela da suka manna wa kwalayen ƙwai a bango don kada maƙwabta su kai ƙara. Kiɗa tara suka tsara, kowanne da gaɓar da aka gutsure wa bugu ɗaya.

Ranar Asabar da la'asar za su yi wasansu na farko a zauren taro na unguwa. An riga an buga takardun shiri ɗari biyu, a saman kowace an rubuta cewa taron na girmama Agogo ne, makaɗin gangunan da ya ƙago ɗingishi. Agogo kuwa, wanda sunansa ke rubuce da biro a bayan kaset ɗin, kakan Auta ne na wajen uwa. Ya bar kiɗa tun kafin a haifi mahaifiyarta, ya kama gyaran agogo, kuma duk wanda ya kawo masa zancen ganguna sai ya tambaye shi ƙarfe nawa. Shi ya sa ba su tunkare shi ba sai ranar Talata, da ba sauran makawa.

Suka same shi a shagonsa, gilashin gyara maƙale a idonsa na dama, agoguna goma sha huɗu a bango duk bakinsu ɗaya.

"Ango, na kawo maka baƙi," in ji Auta.

"Amarya, kishiyoyi dai kika kawo mini. Wanne ne a ciki zan kai ƙara?"

"Kai da ba ka iya cefane ba, wa zai saurari ƙararka?"

Farfesa ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa takardar shirin da hannu biyu. Tsohon ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta, ya sake komawa sama.

"Yaro, wane ne ya yi ɗingishi?"

"Ku ne, Baba. A gaɓa ta sha ɗaya."

"Ni? Ƙafata ƙalau take a lokacin. Gwiwar nan bara ta fara."

Farfesa ya yi murmushin wanda ya san manya da ɓoye baiwarsu. Ya ciro wayarsa, ya kunna kiɗan da ya kwafo daga kaset ɗin. Tsohon ya cire gilashin, ya sunkuyar da kai, yatsansa na dukan teburi. Da aka zo wurin sai yatsan ya sauka a inda babu kowa. Ya ɗago.

"Mayar baya."

Aka mayar. Yatsan ya sake faɗawa rami.

"Busar ta marigayi Dogon-Wuya ce, ko a mafarki na san ta. Gangunan kuma hannuna ne. Amma wa ya sace mana bugu?"

"Ba sata ba ce, Baba, tsari ne," in ji Farfesa. "Na yi bayaninsa a kundina. Kun karya lissafin ne don ku nuna..."

"Mu nuna wa wa? Mutane rawa suke yi. Ka gutsure bugu, mai gida ya taka ƙafar matarsa, gobe manajan otal ya sallame ku. An kira ni Agogo ne don ban taɓa yin latti ba, ban kuma taɓa riga kowa ba."

Kofur ya dubi Tsinke, Tsinke ya dubi bango. Tsohon ya tashi da ƙyar, ya shiga ƙuryar shagon, ya fito da akwatin garmaho da wani faifai naɗe cikin tsohuwar riga. Ya wana hannun akwatin, ya sa sabuwar allura, ya ɗora. Kiɗan ya fito da ƙarar soye-soye irin ta tsofaffin faya-fayai. Farfesa yana ƙirge da leɓɓansa: takwas, tara, goma. Gaɓa ta sha ɗaya ta zo, ta yi taku huɗu cif, ta wuce abinta ko waiwaye babu.

"Wani naɗin ne daban," in ji shi.

"Sau ɗaya muka shiga ɗakin naɗi a rayuwarmu, ranar wata Laraba, kuma sau ɗaya muka kaɗa, don Baturen injin yana sauri."

Auta ce ta fara ganewa. Ta tsaya tana kallon faifan yana juyi, tana kaɗa kai daidai da kiɗan, sai ta ga duk sanda tambarin tsakiya ya zagayo, bugu ɗaya ya faɗi.

"Farfesa, kiɗan nan bugu nawa ne a minti?"

"Saba'in da takwas. Yana shafi na huɗu."

"Faifan kuma juyi nawa?"

Amsar tana shafi na ɗaya: saba'in da takwas. Faifan da aka naɗi kaset ɗin kwalejin daga gare shi yana da ƙarzuwa, allura ta tsallake layi guda, layi guda kuwa juyi guda ne, juyi guda kuma a wannan kiɗa kaɗai ya yi daidai da bugu guda, babu ragi babu ƙari. Shi ya sa ɗinkin bai nuna ba. Lambobin biyu sun shekara uku a kundinsa, shafi biyu ne kawai a tsakaninsu, bai taɓa haɗa su ba.

"Wato albashina da fanshona na bari saboda allura," in ji Kofur a hankali.

"Ka gode Allah ba akuya ce ta taka faifan ba," in ji Tsinke, "da yanzu mun fi haka ci gaba."

Babu wanda ya yi dariya sai tsohon.

Ranar Laraba da hantsi suka haɗu a shagon telan. Farfesa ya zo da shawara, domin bai san yadda ake zuwa wuri babu ita ba: a mayar wa kowace gaɓa bugunta, a kaɗa kiɗan yadda masu shi suka yi, takardar shirin ta zama rabin gaskiya maimakon ƙarya zalla. Ya raba sababbin takardu da ya gyara da jan biro. Tsinke ya ƙirga, suka shiga. A gaɓa ta sha ɗaya Auta ta riga kowa, Kofur ya bi takarda ya tsaya, Tsinke ya yi rabi nan rabi can, shi kansa Farfesa ya ji yatsunsa sun tsallake ba da izninsa ba. Suka sake, suka sake. Mutanen da aka horar shekara huɗu su karanta duk abin da aka ajiye a gabansu, yau sun kasa ƙirga huɗu.

"To yanzu mu su wane ne?" in ji Kofur, ya jingine bes ɗinsa, ƙaton gogen nan da ya fi shi tsayi. "Masu kwaikwayon tsofaffi ne, ko masu kwaikwayon ƙarzuwa?"

Farfesa ya ajiye jan biron. Abin da ke damunsa ba lambar yabon ba ce. A ransa ya hango bayan ranar Asabar, ya ga mutum ukun nan kowa ya saɓa kayansa ya kama gabansa, kuma ba zai iya cewa sun yi laifi ba. Ya rasa ma abin da zai ji kunyarsa: kundin da ya yi ƙarya, ko kiɗa taran da har yanzu in ya tuna su yakan ji daɗinsu. In tushen banza ne, ta yaya reshen ya yi 'ya'ya? In kuwa 'ya'yan na kirki ne, wa zai gode wa?

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa da sanda. Tsohon ne, Auta ta gaya masa wurin.

"Na zo in ga ɓarnar da aka yi da sunana. Ku ajiye nawa, kun kashe shi tun daga bakin titi ina ji. Ku kaɗa mini naku."

Suka kaɗa na bakwai, wanda Auta ta tsara, mai ɗingishi a wuri uku. Tsohon ya zauna a kan akwatin ganguna, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, fuskarsa kamar ta mai sauraron agogon da ya ƙi faɗin ciwonsa. Da suka gama ya gyara zama.

"Ban gane ba," in ji shi. "Sau uku kuna faɗawa rami, kuma ku huɗun tare kuke faɗawa, tare kuke fitowa. Mu da za a kashe mu ba za mu iya ba. Wa ya koya muku?"

"Ku ne, Baba," in ji Farfesa, don bakinsa ya saba.

"Kai yaro, kana da taurin kai. Ɗan da ban haifa ba kada ka rataya mini shi, ina da takwas suna isata. Ka cire sunana."

"To sunan wa zan sa?"

"Wa ya yi shekara biyu a cikin kwalayen ƙwai?"

Farfesa ya dubi sauran. Kofur ya ɗaga kafaɗa, amma ya jawo bes ɗin ya rungume. Ranar Alhamis da Juma'a suka zauna su huɗu da biro, suka bi takardu ɗari biyu suna soke layin sama. Ba su rubuta komai a madadinsa ba, domin sun yi gardamar awa biyu ba su daidaita a kan abin da za a rubuta ba.

Ranar Asabar zauren ya yi rabin cika. Tsohon yana layin gaba cikin babbar riga, kusa da 'yarsa, mahaifiyar Auta. Farfesa ya fito da jawabi mai shafi uku a aljihu, wanda ya rubuta tun watan jiya, ya tsaya gaban makirufo ya ji ba shi da amfani.

"Jama'a, layin da kuka ga an soke, kuskurena ne," in ji shi. "Na ɗauka mun gaji wani abu, ashe allurar garmaho ce ta yi tsalle. Abin da za ku ji yanzu ban san ko na wane ne ba. Mu dai muke kaɗa shi."

Wani daga baya ya tambayi na kusa da shi ko an fara wasan ne. Tsinke ya ƙirga, suka shiga.

Farfesa yana busa na bakwai, mai ɗingishi a wuri uku, idonsa na kan ƙafar tsohon, wadda ke dukan siminti huɗu-huɗu kamar yadda ta saba tun kafin a haifi duk wanda ke kan dandalin. A rami na farko ƙafar ta sauka ita kaɗai, tsohon ya yi tsaki har 'yarsa ta taɓa shi. A na biyu ta sake sauka, ya dube ta da harara kamar ba tasa ba. Da na uku ya matso, Farfesa ya ga tsohon ya kama gwiwarsa da hannu biyu, ya ɗaga ƙafar sama ya riƙe, yana jira su wuce.