Riɗin da Ya Bi ta Injin Sunusi

Hajiya Dije ba mace ce mai sakaci ba, kowa a layinsu na Agege zai shaida. Balle a kan jikarta Bushra, 'yar shekara bakwai, wadda jikinta ba ya shiri da gyaɗa ko kaɗan. Bara ƙuli-ƙuli ɗaya tak ta ci a gidan suna, maƙogwaronta ya kumbura, sai da ta kwana biyu a asibiti. Tun daga ranar ko man gyaɗa bai sake shiga gidan ba.

To, ka san yaro. Kullum sai ta dawo da labarin biskit da alewar 'yan ajinsu. Uwarta Mastura kuwa tun asuba take tafiya rumfarta a kasuwar Oyingbo. Shi ne Hajiya ta ce bari ta haɗa wa yarinyar nan nata abin taunawa, wanda ta san duk abin da ke cikinsa.

Suga ta cire, ta sa jiƙaƙƙen dabino. Maimakon fulawa ta soya garin gero sama-sama, ta goga kwakwa ta zuba. Saura abin da zai kama su ya haɗe, aikin da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ke yi a wasu gidajen, ta ce riɗi zai yi. Sai dai kafaɗarta ta daɗe tana ciwo, taɓarya ta gagare ta, don haka ta kai riɗin injin Sunusi da ke bakin layi. Ta dawo ta kwaɓa, ta gasa a tukunya mai yashi a ƙasa, ta yanka dogo-dogo kamar kantu.

Da safe ta naɗe guda biyu ta sa a jakar makaranta.

"Hajiya, ba gyaɗa ko?" in ji Bushra.

"Ke ƙawata, ni za ki tambaya? Da hannuna na yi."

Wajen ƙarfe goma ta koma bakin layi da kayan miya. Ta tarar da Mouna, 'yar Nijar mai ƙuli-ƙuli, tana juye soyayyar gyaɗa a wani inji. Hajiya ta tsaya tana kallon injin. Akwai jan ƙyalle ɗaure a wuyansa, kuma ta san ta ga ƙyallen nan jiya.

"Sunusi, jiya a wanne ka markaɗa min riɗi?"

"A wannan mana, Hajiya, shi ne mai laushi. Ai sa'a kika taka, Mouna ta gama ke nan, inji da sauran maiƙonsa. Ko wankewa ban yi ba, kin ga yadda ya zubo kamar man shanu."

Yana dariya yake faɗa. Hajiya ta katse shi.

"Ƙarfe nawa?"

Ya duba waya. "Goma da minti sha biyu. Lafiya?"

Goma da rabi ake kaɗa wa yara ƙararrawar cin abinci. Ta kira Mastura, wayar ta yi ta ruri a cikin hayaniyar kasuwa ba a ɗauka ba, lambar makarantar kuma a wurin Mastura take. Hajiya ta bar robar kayan miyan a nan ƙasa, ta tari keke mai ƙafa uku, ta roƙi direban da Yarbanci ya taimaka ya yi sauri.

Saurin bai je ko'ina ba. Kafin titin jirgi wata motar haya, danfo, ta mutu a tsakiyar hanya, motoci sun cushe, kowa na danna oda. Hajiya ta sauka, ta tattare zani, ta ratsa tsakanin masu burodi da masu tura baro. Silifas ɗinta ɗaya ya tsinke, ta bar shi. Tana tafe tana cewa, "Ya Allah, kada ta buɗe jakar nan." Tana shan kwanar makarantar ta ji ƙararrawa, kuma ba ta san ko ta farko ce ko ta komawa aji ba.

Maigadi Harouna ya miƙe zai gaishe ta, ta wuce shi. Yara sun cika fili, kayansu iri ɗaya, kawunansu iri ɗaya. Can ta hango Bushra zaune a gindin matakala, ledar a buɗe a cinyarta, tana sosa leɓe da bayan hannu. Ɗaya daga cikin yankan an gutsure gefensa, kuma hannunta na ɗaga shi zuwa baki.

Hajiya ta kama hannun.

"Kin haɗiye?"

"Na gutsura sai bakina ya fara ƙaiƙayi, na tofar. Amma na ce tunda ke kika yi, bari in sake gwadawa."

Hajiya ta ƙwace yankan ta yar. Ta saɓe ta a kafaɗar nan mai ciwo. Malamar ajin ta kawo maganin da Mastura ta ajiye a ofis, suka ba ta, suka wuce ƙaramin asibitin da ke bayan makaranta. Leɓe ya kumbura suntum, amma numfashi bai tsaya ba. Likita ya ce a bar ta a kan gado har la'asar.

Nan Mastura ta same su. Ta duba 'yarta tukuna, sannan ta dubi ƙafar uwarta marar takalmi.

"Ni ce," in ji Hajiya. "Na hana gyaɗa shiga gida, ban tuna da injin Sunusi ba."

Mastura ta sunkuya. Ta cire nata takalmin ta tura mata.

Washegari ta dawo daga Oyingbo da sabon ƙaramin turmi da taɓarya, ko barkono bai taɓa shiga cikinsa ba.

"Inna, daka nawa ne, duk Lahadi. Gashi naki."

Ranar Lahadin da aka yanka na farko, Bushra ta juya shi a hannu, ta dubi kakarta, ba ta tambayi ko akwai gyaɗa ba. Hajiya ce ta lissafa mata da kanta: dabino, gero, kwakwa, da riɗin da uwarta ta daka a gabansu. Sannan ta jawo kujera ta zauna, idonta a kan leɓen yarinyar har ta cinye.