Man Zafin Mama

Nas ɗin ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta ɗage wandon Dogo, ta goga yatsa a ƙwaurinsa, ta ɗaga yatsan yana ƙyalli.

"Mai ne. Ba zai shiga ba."

Yaya ta ji kamar ta kurma ihu. Tun da ƙanenta Dogo ya faɗo daga kan tsani yana gyaran wayar wuta, lakarsa ta taɓu, ƙafafu suka daina motsi, ita ce direba, ita ce mai tura keke, ita ce mai jin bayanin likita. Likitan bai yi alkawarin tafiya ba. Ya ce dai idan ana saka Dogo kullum cikin wannan injin mai kama da tankin ruwa, yana shaƙar zallar oksijin da aka matse, wataƙila jijiyoyin da ba su mutu ba su tsira, kuma jinkiri ba ya yi musu daɗi. Sharaɗin ɗaya ne: babu mai, babu turare, domin a cikin tankin nan ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya tayar da gobara.

Kuma samun mai a jikin Dogo ba yau farau ba.

"Hajiya, mutane na jiran wannan lokacin," in ji nas. "In aka sake gobe, wani zan ba."

Yaya ta tura keken zuwa mota har tayoyin na kuka. Sai da ta rufe ƙofa ta juyo.

"Kai kuma kana ina aka shafa maka?"

"Yaya, ai kin san ba na jin ƙafafun."

"Hancin naka ma ya shanye ne? Man zafin Mama da ake jiyo warinsa tun daga bakin titi?"

Dogo ya kawar da kai. Can ya ce, "Ina kallonta. In tana shafawa ne kawai ba ta kuka. Ta ina zan fara ce mata ta bari?"

Wannan magana ta ƙara wa Yaya haushi.

Tana isa gida ta ɗauki leda ta bi ɗaki-ɗaki. Man zafi, man shafawa, man gashi, har wata tsohuwar kwalba da ta tsinto a bayan madubi, duk ta kwashe. Mama na biye da ita.

"Fatarsa bushewa take yi, 'yar nan. Tun yana jariri nake..."

"Mama, don girman Allah! So kike ya ƙone a ciki, ko so kike a kore mu? Zaɓi ɗaya!"

Yaya ta kulle ledar a but ɗin mota, zuciyarta na tafasa, rabi da uwar, rabi da kanta.

Washegari da safe ta shiga ɗakin Dogo, sai ga Mama zaune a gefen gado, tana murza masa ƙafa daga gwiwa zuwa idon sawu.

"Mama!"

Tsohuwar ta yi sauri ta miƙo hannuwanta biyu, kamar yarinyar da ake dubawa kafin cin abinci. "Shinshina ki ji."

Yaya ta shinshina. Sabulu ne kawai. Amma hannuwan sun yi furu-furu don yawan wanki, bayan yatsun har sun fara tsagewa, matar da ko ruwa ta taɓa sai ta shafa mai.

"Na daina shafa nawa ma," in ji Mama. "Kada ya shafe shi."

A asibiti, inda yau har Mama ta biyo su, nas ta goga yatsa, ta duba, ta buɗe murfin tankin. Aka tura Dogo ciki. Yaya ta dawo benci ta zauna kusa da Mama, ta kamo hannun nan mai kaushi ta ɗora a cinyarta.

"Ke dai, Mama, ba kya yin abu rabi-rabi," ta ce.