Muryar da Aka Ara wa Settimio

Shekara uku cur Settimio yana sayen soyayyen kifi wurin Nazzarena a kasuwar Testaccio, kuma a tsawon lokacin nan abin da ya iya gaya mata bai wuce "a ƙara gishiri" ba. Ƙato ne, yakan saɓa rabin saniya a kafaɗa daga mayanka zuwa mota ko nishi babu, amma da ya tsaya gaban kaskonta sai harshensa ya naɗe. Mijinta ya tafi yaƙin Rasha bai dawo ba. Ta daɗe da cire baƙaƙen kayan takaba, har wani mai aski ya fara zarya da gashin bakinsa mai sheƙi. Settimio ya san in bai yi magana bana ba, shi za a sa jigilar kujeru ranar bikinsu.

Ana cikin haka sai ga 'yan fim. Yaƙi ya cika ɗakunan aikinsu da 'yan gudun hijira, dole suka fito titi, inda suka gano wani abin al'ajabi: ashe akwai talakawa a Roma. Daraktan, wanda kowa ke kira Dottore, ya hango Settimio a ƙofar mayanka, ya dafe ƙirji cikin kwat ɗinsa mai tsada.

"Ku dubi fuskar nan. Wahala ce zalla. Ba makarantar da ke koyar da wannan."

Settimio ya yi godiya, don bai san me kuma ake cewa ba.

Ranar da za a ɗauke shi a fim ɗin ya zo da rigarsa ta zuwa coci. Suka karɓe, suka ba shi wata, suka ƙara mata yaga biyu saboda gaskiya ta fito sosai. Aka tsayar da shi gaban bangon da bam ya ci rabinsa.

"Dottore, me zan ce?"

"Duk abin da ka ga dama, abokina. Ka dubi na'urar ɗaukar hoton, bakinka dai ya motsa."

Duk abin da ya ga dama. Settimio ya dubi na'urar. Ga ido ɗaya na gilashi, ba ya harara, ba ya dariya, ba ya juya kifi yana jiran ka gama. Sai ya buɗe baki, shekara uku suka zubo: cewa yana da ɗaki da taga mai kallon kogi, ba ya shan giya sai ranar Lahadi, gishirin nan ma ba sonsa yake ba, dalilin tsayawa yake nema. Ya ƙare da, "Nazzarena, ki aure ni." Hawaye ya jiƙa masa gemu. Dottore ya rungume shi, yana cewa yunwar ƙasar nan kaf ya gani a idon nan. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Settimio cewa na'urar ba ta da kunne, sai an gama ake ɗora murya a wani ɗaki can.

Wata biyar ya jira. Yayarsa Iole ta gaji da shi.

"Kai yanzu sai ka tara Roma a silima kafin ka yi abin da kowane jaki ke yi a bakin famfo?"

"Ki bari dai ki gani, yaya."

"Ina gani. Mai aski ma yana gani."

Ranar Lahadi da la'asar aka nuna fim ɗin a silimar unguwa. Settimio ya zauna tsakanin Iole da Nazzarena, wadda ta zo da ƙamshin sabulu maimakon na mai. 'Yan mayanka sun cika bayan ɗakin. Aka sha kallon kangaye da layin burodi, mutane suna hamma, don sun baro irinsu a gida kyauta.

Sai ga fuskarsa ta cika bango. Ya riƙe hannun kujera. Bakin ya buɗe, wata murya mai santsi irin ta masu karanta labarai a rediyo ta fito: "Ya ku 'yan'uwana ma'aikata, har yaushe tarihi zai ci gaba da taka wuyanmu?"

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Settimio, wane ne Tarihi? A wane layi yake yanka?"

"Farfesa, a sa mana albarka."

A bango hawayensa na zuba, leɓɓansa na kiran sunanta, muryar kuwa tana bayani kan rabon gonaki. Nazzarena ta karkato.

"Malam Settimio, ashe haka ka iya zance? Ni kuwa sai gishiri."

"Ba ni ba ne," ya ce. "Ba abin da na faɗa ke nan ba."

"To me ka faɗa?"

Ya dubi bangon. Fuskar ta wuce, an koma kan wata tsohuwa da akuya. Ba sauran mai faɗa a madadinsa. Ya miƙe tsaye, inuwar kansa ta rufe akuyar, ya faɗa da muryarsa ta mayanka, mai kaushi kamar ana jan buhu a tsakuwa. Ya manta taga, ya manta kogi, ya fara daga ƙarshe: ta aure shi.

"Zauna, ƙato, ka tare mana fim."

"Ku bar shi, wannan ya fi."

Iole ta rufe fuska da gyale. Nazzarena ta kama gefen rigarsa ta ja shi ƙasa, idonta na kan allon kamar akuyar ce damuwarta.

"Ka zo gida ranar Talata, mahaifiyata na nan," ta ce a hankali. "Ka zo da wannan muryar. Wancan mai tarihin ka bar shi wurin Dottore, ba mu da abin ciyar da shi."